Igiyar Tumatir

Ƙauyenmu na maƙale a kafaɗar dutse,
inda gajimare ke shigowa ta taga ba sallama.
Can ƙasa kogin Marsiyandi, siriri kamar zare,
da kasuwa, da titin da ya nufi Katmandu.
Tsakaninmu da su awa uku ce a ƙafa,
a kan igiyar ƙarfe kuwa, minti biyu ba ya cika.

Uwata Budimaya ce mai lodi a sama.
Takan shaƙe kwando da tumatir, kilo ɗari da ashirin,
ya tsaya bakin kwazazzabo, shiru, ko motsi,
kamar mai bin bashin da ya san ranar biya.

Ran Talata Malam Tikaram ya rubuta a allo:
ƙarfi kashi biyu, na ajiya da na motsi.
Nauyi, a ninka da tsawo, a ninka da jan ƙasa,
abin da kwando ke riƙe da shi ke nan yana tsaye.
Na ce, "Malam, ai ba ya yin komai."
Ya ce, "Lalbir, kibiyar da aka ɗana a baka,
barci take yi?"

Uwata ta ƙwanƙwasa igiya da sanda, sau uku.
Amon ya gangara ya iske babana a gindin dutse.
Aka saki.

Da fari jan ciki, kamar mai jin kunya,
sai sauri, sai gudu, sai igiya ta kama kuka.
Duk kamu guda da ya rasa na tsawo
nan take ake ba shi canjinsa a gudu.
Asusu ne aka fasa a sararin sama,
ba kwabon da ya faɗi ba a ƙirga ba.

A tsakiyar hanya yakan yi kiciɓis da ɗan'uwansa
mai hawowa da shinkafa, gishiri, kananzir,
da maganin tarin kakata.
Ba sa gaisawa.
Amma faɗuwar wannan ce ke ɗaga wancan,
igiya ɗaya ce, ba wuta, ba fetur, ba jaki.

Ƙasa na matsowa, babana ya danne birki,
guntun katako ya ciji ƙarfe yana ƙauri.
Na taɓa sa yatsa a wurin, sau ɗaya tak,
bororon ya yi mako yana ba ni darasi:
gudun nan bai mutu ba, riga ya sake,
ya koma zafi, ya bi iska.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan:
wa ya zuba kuɗin a asusun tun farko?
Tumatir bai hau dutse ba, a sama aka haife shi.
Sai da damina ta kawo na gano mai ajiyar.
Rana ce ta yi dakon ruwa daga teku,
ta sauke mana shi a kan gona,
tumatir ya sha ya yi nauyi.
Ashe ruwa ne ke komawa gida,
mu kuwa muka rataya masa gishirinmu.

Kafin igiya, wuyan babana ne igiya.
Shekara ashirin da maɗauri a goshi,
har yau gurbin na nan, gashi ya ƙi fitowa.
Ba ya karatu, amma in na faɗi lissafin
sai ya shafa wurin, ya ce, "Na san shi."

Gobe zan sauka, makarantar birni ta kira.
Shekara goma sha bakwai nake tsaye a bakin nan,
ana zuba mini abin da ban ga shigarsa ba.
Uwata ta riga ta ɗauko sandarta.
Ba na tsoron gangara.
Tambayata ɗaya ce: in na tafi da gudu,
me saukata za ta jawo musu sama?